Hans Fallada: Marubucin Da Ya Ƙi Gudu A Zamanin Hitler

Yau ga tarihin wani marubuci Bajamushe da aka daɗe da mantawa da shi a wajen ƙasarsu. An haife shi a 1893, sunansa na asali Rudolf Ditzen. Ya yi aikin gona, ya zauna gidan yari, ya sha fama da giya da ƙwaya.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, marubuta da yawa suka tsere. Shi kuwa ya zauna a ƙauyen Carwitz, yana rubutu yana kaffa-kaffa.

Bayan yaƙi aka ba shi takardun 'yan sandan ciki a kan Otto da Elise Hampel, wasu talakawa mata da miji a Berlin. Laifinsu? Suna rubuta sukar Hitler a ƙananan katuna, su ajiye a matattakalar gidaje. An kashe su a 1943.

Cikin kwana 24 ya mayar da labarinsu littafi. Ya mutu a Fabrairun 1947, kafin littafin ya fito. Sai 2009 aka fassara shi da Turanci.

Nan Suleja, dattawan da suka ga mulkin soja sun san wannan tsoron: kana magana kana waiwaye.