Alhaji Umaru Salaga (1858–1934)

An haifi Alhaji Umaru ɗan Abubakar a birnin Kano a shekarar 1858, amma asalin iyayensa Kabawa ne. Mahaifinsa malami ne kuma farke mai safarar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. A Kano ya yi karatun allo, daga bisani ya zurfafa ilminsa a Sakkwato. Bin ayarin fatake da ya riƙa yi ya ba shi damar ganin garuruwa da al'ummu iri-iri tun yana matashi.

Wajejen 1892 ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro wadda take cikin ƙasar Ghana ta yau. A shekarar ne yaƙin basasa ya tarwatsa garin. Bayan 'yan shekaru ya koma Kete-Karaci, inda ya zama limami, ya kuma ci gaba da karantarwa.

A can ya haɗu da Adam Mischlich, wani jami'in mulkin Jamus mai nazarin harshen Hausa. Bisa buƙatarsa, Alhaji Umaru ya rubuta bayanai masu yawa cikin ajami. Abin da ya bambanta shi da yawancin marubutan zamaninsa shi ne bai tsaya ga jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe ba. Ya yi bayanin noma da kiwo, sana'o'i da fatauci, aure da tarbiyyar yara, da zaman bayi da 'ya'ya. Wato ya ɗauki rayuwar talaka a matsayin tarihi mai cancantar a adana. A 1973 Douglas Ferguson ya fassara waɗannan rubuce-rubuce zuwa Ingilishi a kundinsa na digiri na uku.

Haka kuma fasihin mawaƙi ne a Hausa da Larabci. Ya yi waƙa kan talauci da wadata, da zuwan Nasara, da annobar mura ta 1918, waɗanda duk madubi ne na halin da jama'a suka shiga.

Ya rasu a Kete-Karaci a 1934. Da bai rubuta abin da ya gani ba, da al'adu da dama na ƙarni na 19 sun bi masu su kabari. Wannan darasi ne ga malamin Hausa, domin abin da ake gani yau da kullum shi ne ya fi saurin salwanta.