Nana Asma'u: makoki bai sa ta rufe ƙofa ba

An haifi Nana Asma'u, Allah Ya jiƙanta, a Ɗegel a 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha yunwa da firgicin yaƙi. Mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya rasu a 1817. Bayan shekara ashirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, abokin shawararta a ilimi, ya cika a Wurno. Wannan rashi ya girgiza ta ƙwarai.

Ba ta ɓoye hawayenta ba, cikin marsiyya ta zuba su. Amma ba ta kulle kanta a ɗaki ba. Ta riƙa karɓar dattawan mata daga ƙauyuka, tana naɗa su jaji da malfa, suna komawa da waƙoƙin wa'azinta su koyar da 'yan uwansu. Su ne 'Yan Taru. Da Fulatanci da Hausa ta yi musu, harsunan da iyayenmu mata ke hira da su a nan Briqueterie.

Mijinta Waziri Giɗaɗo ma ya riga ta. Ta ci gaba da karantarwa har ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, Sakkwato.