Soichiro Honda: Ɗan Maƙerin da Ringi Ya Mayar da Shi Aji

Duk lokacin da na je hutu gida Daura, nakan zauna a rumfar wani bakanike a kan hanyar Mai'aduwa ina sauraren yadda shi da yaransa ke magana, kasancewar nazarin harshe ne sana'ata. Fistan da ringi da filogi da bawul duk sun zama Hausa a bakinsu. Abin da ke damuna shi ne, mun mallaki sunayen, amma har yau ba mu ƙera ko ɗaya daga cikinsu. Wannan ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihin mutumin da sunansa ke jikin dubban baburanmu.

An haifi Soichiro Honda a 1906 a wani ƙauye kusa da Hamamatsu ta ƙasar Japan. Mahaifinsa maƙeri ne mai gyaran kekuna, mahaifiyarsa kuwa masaƙiya ce. A 1922 ya tafi Tokyo koyon gyaran mota a garejin Art Shokai, inda ya share watannin farko yana renon jaririn maigidansa. Da ya samu shiga aiki, sai aka sa shi cikin masu haɗa motar tsere. Suka ɗauko injin jirgin sama ƙirar Curtiss, suka gyara shi, suka ɗora a kan gangar wata motar Amurka. A Nuwamban 1924 motar ta lashe gasa, yaron yana zaune gefen direba a matsayin bakanike.

A 1937 ya kafa kamfanin yin ringi, yana ganin gwanintar hannu ta isa. Amma cikin guda 50 da ya kai wa Toyota, 3 kacal suka tsallake gwaji. A wannan zamanin ne ya yi abin da, a ganina, ya fi komai daraja a rayuwarsa: mutum mai iyali da ma'aikata ya koma aji a makarantar fasaha ta Hamamatsu, ya zauna cikin matasa yana koyon ilimin ƙarfe, bayan da wani malami ya gano masa cewa sinadarin silikon ne ya yi wa ƙarfensa ƙaranci. Bai karɓi takardar shaida ba, amma ringinsa ya gyaru.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, ya sayi ƙananan injinan da sojoji suka bari, waɗanda a da ke ba rediyo wuta, ya riƙa liƙa su a jikin kekuna. Da suka ƙare, ya ƙera nasa, kuma a 1948 ya kafa kamfanin Honda. A 1954 ya je kallon tseren babura na tsibirin Man da ke Birtaniya, ya tarar injinan Turai sun ninka nasa ƙarfi. Bai yi musu ba. Ya sayo kayayyakinsu ya kai gida, aka kwance, aka auna, aka gwada da nasu. A 1961 baburansa suka lashe rukuni biyu a wannan tsere, a 1965 kuma motarsa ta yi nasara a gasar Formula 1 a Meziko. Ya yi ritaya a 1973, ya mutu a 1991.

Turbar da ya bi ita ce ɗaliban injiniya a ƙasashe da dama ke bi a gasar Formula SAE da aka fara a Amurka a 1981. Sukan kwatanta injinan babura, su zaɓi ɗaya, su sake masa tsari, su ɗora a motar da suka ƙera da hannunsu. Dokar gasar ta tilasta a taƙaita iskar da ke shiga injin, don haka dole lissafi da sifana su yi aiki tare.

To, mu fa? Daura tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a 2019. Ba nisa da su akwai yaran da ke gane ciwon inji daga ƙararsa kawai, amma ba wanda ya taɓa bayyana musu dalilin da ke sa ringi ya cinye. A cikin aji kuma akwai masu haddace dalilin, suna ƙyamar baƙin mai. Mu 'yan boko mu ne muka gina wannan katanga, da muka mayar da gareji matattarar wanda ya kasa karatu.

Shawarata ga shugabannin makarantun nan da Masarautar Daura ita ce, a buɗe ajin yamma da Hausa domin kanikawa, a kuma ba ɗalibai tsohon injin babur su fitar da mota da shi, tare da bakanike a cikin kowace tawaga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa mu ga ranar da za a ƙera ringi a Daura, amin.