Ferry Porsche: Mutumin da ya rasu kwana huɗu kafin a daina ƙera injin da ya yi masa suna

A watan Mayun 2024 kamfanin Porsche na ƙasar Jamus ya fito da sabon samfurin motarsa 911 GTS, wadda a karon farko aka haɗa wa injinta na fetur mai lita 3.6 da motar lantarki da ƙaramin batir. Masoya motar sun rabu biyu, wasu na murna da ƙarin ƙarfi, wasu na ganin an taɓa asalinta. Wannan gardama ta girmi yawancin masu yin ta, domin ta faro ne tun zamanin mutumin da ya assasa motar, Ferry Porsche.

An haifi Ferry ranar 19 ga Satumbar 1909 a garin Wiener Neustadt na Austiriya. Mahaifinsa Ferdinand Porsche shi ne injiniyan da ya tsara Volkswagen Beetle, wadda Hausawa ke kira kunkuru. Yaron ya tashi a cikin ma'aikata, kuma lokacin da uban ya buɗe ofishinsa na zanen motoci a Stuttgart a 1931, yana cikin ma'aikatan farko.

Tarihinsa yana da tabo. Kamfanin iyalan ya yi wa gwamnatin Hitila aikin kayan yaƙi, an kuma yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki. Ferry kansa ya riƙe muƙamin hafsa a rundunar SS, ko da yake daga baya ya riƙa cewa na girmamawa ne kawai. Adolf Rosenberger, Bayahuden da aka kafa kamfanin tare da shi, ya rasa hannun jarinsa a 1935 ya bar ƙasar.

Bayan yaƙin duniya na biyu, Faransawa suka kama uban da ɗan a watan Disambar 1945. An saki Ferry a 1946, amma tsohon ya ci gaba da zama a tsare har 1947. Ferry ya koma ƙauyen Gmünd a Austiriya, inda kamfanin ya fake a wata tsohuwar masana'antar yankan katako. Kuɗin da ya samu daga zana wa kamfanin Cisitalia na Italiya motar tsere ne aka biya belin mahaifinsa da su.

A wannan ƙauye aka ƙera motar farko mai ɗauke da sunan Porsche, wato 356, wadda ta samu lambar hawa titi ranar 8 ga Yunin 1948. Ba shi da kuɗin ƙera sabon inji, sai ya ɗauki na kunkuru mai ƙarfin doki 25, ya gyara shi ya kai 35, ya ɗora masa jiki marar nauyi na alminiyom. Kafin a daina yin 356 a 1965 an ƙera sama da 76,000.

Injin nan iska ce ke sanyaya shi. Babu lagireto, babu tiyon ruwa, fanka ce ke hura iska a kan silinda, man inji kuma na taimakawa wajen kwashe zafi. Duk ɗan kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin Dogon Dutsi da Kiyeshe ya san wannan tsari, don haka yawancin babura suke. Amfaninsa shi ne sauƙin gyara da rashin nauyi. Aibinsa kuma ƙara da wahalar daidaita zafi idan ƙarfin inji ya ƙaru.

A 1963 Ferry ya gabatar da magajiyar 356 a baje kolin motoci na Frankfurt. Ɗansa Ferdinand Alexander ne ya jagoranci zana siffarta. An sa mata suna 901, amma kamfanin Peugeot ya ce lambobi uku masu sifiri a tsakiya nasa ne, sai aka mayar da ita 911. Tana da silinda shida a kwance, lita biyu, ƙarfin doki 130, injin kuma yana can baya.

Shawara mafi wuya da ya yanke ta shafi gidansa ne. Da rigima ta yi yawa tsakanin 'ya'yansa da 'ya'yan 'yar'uwarsa Louise, sai aka amince a 1972 duk 'yan gida su janye daga gudanar da kamfanin, a ɗauko ƙwararru daga waje. Shi kuma ya koma shugaban hukumar sa ido. Sabbin shugabannin suka fito da 928 a 1977, mai inji a gaba da ruwa ke sanyayawa, da nufin ta gaji 911. Masu saye suka ƙi sakin tsohuwar, kuma a 1981 sabon shugaba Peter Schutz ya soke shirin binne ta.

Hamadar Nijar na cikin wuraren da aka gwada wannan inji. A tseren Paris-Dakar na 1984, wanda ya ratsa Tenere da Agadas, René Metge ya zo na ɗaya da 911 mai jan ƙafa huɗu. A 1986 ya sake cin tseren da Porsche 959, Jacky Ickx na biye da shi. Injin 959 rabi da rabi ne: iska na sanyaya silinda, ruwa na sanyaya kawunansu. Alama ce ta inda aka dosa.

A farkon shekarun 1990 ciniki ya faɗi, kamfanin ya shiga asara. Dokokin hayaƙi da na ƙara a Turai da Amurka sun tsananta, kuma bawul huɗu a kowace silinda na haifar da zafin da iska kaɗai ba ta iya kwashewa. A 1997 aka fito da 911 ta farko mai lagireto, lita 3.4, ƙarfin doki 300. Masoya suka yi ta ƙorafi, amma motar ta samu kasuwa, ita da ƙanwarta Boxster suka farfaɗo da kamfanin.

Ferry Porsche ya rasu ranar 27 ga Maris 1998 a Zell am See, yana da shekara 88. Ranar 31 ga watan, 911 ta ƙarshe mai sanyaya iska ta fito daga ma'aikata. Tun daga nan an sake taɓa injin, an sa wa samfurin Carrera turbo a 2015, ga lantarki kuma a 2024. Silinda shidan nan dai har yau suna kwance a bayan motar, inda ya ajiye su a 1963, kuma a 2017 aka ƙera 911 ta miliyan ɗaya.