Tarihin Alan Hodgkin, Baturen da ya gano yadda saƙo ke gudu a cikin jijiya

Idan ka taka ƙusa, kafin ka ce wash ƙafarka ta riga ta ɗaga. Saƙo ya tashi daga tafin ƙafa, ya bi jijiya, amsa ta dawo, duk cikin ƙiftawar ido. Tun da daɗewa masana sun san cewa wannan saƙo wutar lantarki ce, amma yadda jiki ke samar da ita ba batir ba waya, shi ne ya gagare su. Cikin waɗanda suka warware wannan ƙulli akwai Alan Lloyd Hodgkin, mutumin Ingila.

An haife shi ranar 5 ga Fabrairun 1914 a garin Banbury. Iyayensa 'yan wata ɗariƙar Kirista ce da ake kira Quaker, waɗanda ba su yarda da yaƙi ba. Mahaifinsa George ya ƙi shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya kama aikin agaji ga Armeniyawan da bala'i ya tarwatsa. A hanyar wannan aiki ne atini ya kama shi, ya rasu a Bagadaza a 1918. Alan na da shekara 4 ya zama maraya, shi da ƙannensa biyu a hannun uwarsu. Ya tashi da son shiga daji yana kallon tsuntsaye, kuma wannan sha'awa ta halittu ce ta kai shi Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge a 1932.

Tun yana ɗalibi ya fara gwaji a kan jijiyar kwaɗo, daga baya ta ƙaguwa. Matsalar ita ce zaren jijiya siriri ne ƙwarai, bai kai kaurin silin gashi ba, balle a sa masa na'urar awo a ciki. A 1937 ya tafi Amurka, a can wani masani Kenneth Cole ya nuna masa aiki da jijiyar sikwid, wata dabbar teku mai taushin jiki da hannuwa goma. Ita wannan dabba tana da wani zaren jijiya da kaurinsa kan kai rabin milimita, wani lokaci har ɗaya. A wajen masu wannan bincike, wannan ƙaton bututu ne.

A 1939 ya ɗauki wani ɗalibinsa, Andrew Huxley, suka tafi ɗakin binciken halittun teku da ke Plymouth. Suka zura siririn bututun gilashi cikin zaren, suka auna wutar daga ciki. A lokacin kowa yana kan maganar wani Bajamushe, Julius Bernstein, wanda tun 1902 ya ce idan saƙo ya zo wucewa, bambancin wutar da ke tsakanin ciki da waje sauka yake zuwa sifili. To su abin da suka gani daban ne. Wutar ba ta tsaya a sifili ba, ta zarce, cikin jijiyar ya juye daga caji mara zuwa caji mai na ɗan lokaci. Ke nan akwai abin da kowa bai gane ba.

Ana cikin haka Hitler ya afka wa Polan ranar 1 ga Satumba. Aiki ya tsaya cak. Gajeren rahoto kawai suka iya bugawa a mujallar Nature, kowa ya kama gabansa. Hodgkin, ɗan mutumin da ya ƙi yaƙi, ya shafe wajen shekara 5 yana aikin ƙera na'urar rada da ake ɗora wa jiragen yaƙin Birtaniya. A 1944 ya auri Marion, 'yar masanin Amurka Peyton Rous, suka haifi 'ya'ya 4.

Bayan yaƙi ya koma kan tambayar da ya bari. A 1947 shi da Bernard Katz suka riƙa rage gishirin ruwan da jijiyar ke ciki. Duk sanda suka rage sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya, sai saƙon ya yi rauni. Suka tabbatar sodiyam ne ke shigowa da wutar.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Zaren jijiya kamar gari ne mai ganuwa, ganuwar ita ce tantanin da ya lulluɓe shi. A waje sodiyam ya fi yawa, a ciki fotasiyam ya fi yawa, kuma kowannensu yana ɗauke da caji. Idan saƙo ya iso, hanyar sodiyam ta buɗe, ya kwararo ciki, wuta ta juye. Nan take hanyar ta rufe, ta fotasiyam ta buɗe, shi kuma ya fita, komai ya koma daidai. Duk wannan bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Juyewar wutar a nan ita ke buɗe ƙofar da ke gaba, ta gaba ta buɗe ta gabanta, haka saƙo ke tafiya har ƙarshe ba ya raguwa.

Shi da Huxley suka auna wannan shige da fice dalla-dalla a 1949, da wata dabara ta riƙe wutar jijiya a matsayi guda, sannan suka mayar da shi lissafi. Kwamfutar Cambridge ba ta samuwa a lokacin, don haka Huxley ya zauna da injin lissafi na juyawa da hannu, ya yi makonni yana murzawa. Lissafin ya ba da gudun saƙo mita 18.8 a daƙiƙa, awon zahiri kuma ya ba da 21.2. Kusancin nan ya gamsar da masana. A 1952 suka fitar da maƙaloli 5, kuma har yau da lissafin nan ake koyar da ɗalibai. A 1963 aka ba su kyautar Nobel tare da John Eccles na Ostireliya.

Abin lura shi ne, su ba su ga ƙofofin da ido ba, daga awo da lissafi suka san dole akwai hanyoyin. Sai a 1976 wasu Jamusawa biyu, Erwin Neher da Bert Sakmann, suka auna wutar da ke bi ta ƙofa guda ɗaya tak. A 1998 kuma Roderick MacKinnon a Amurka ya fitar da siffar ƙofar fotasiyam.

Wani zai ce, to ni ina ruwana da jijiyar dabbar teku? Ruwanka kuwa. Irin ƙofofin nan ne a ƙwaƙwalwarka da zuciyarka. Allurar kashe zafi da likita ke yi kafin ya cire haƙori ko ya yi ɗinki, ƙofar sodiyam take toshewa, saƙon zafi ya rasa hanya. Maganin da ke jikin gidan sauro, da da yawa daga magungunan kaska da ake zuba wa shanu, ƙofar sodiyam ta ƙwaron suke hanawa rufewa har ya sandare. Farfaɗiya ma, wadda ake ɓoye masu ita a gida saboda kunya, wutar ƙwaƙwalwa ce ke tashi a hargitse, kuma wasu daga magungunanta na asibiti a kan waɗannan ƙofofi suke aiki. Shi ya sa mutane da yawa masu ciwon ke samun sauƙi idan sun riƙe magani.

Hodgkin ya shugabanci babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society, daga 1970 zuwa 1975, an ba shi sarautar Sir a 1972, ya kuma riƙe Kwalejin Trinity daga 1978 zuwa 1984. Muƙamai ba su raba shi da ɗakin gwaji ba, ya koma binciken yadda ido ke mayar da haske saƙo. Rashin lafiya ya taƙaita masa tafiya a shekarunsa na ƙarshe. Ya rasu a Cambridge ranar 20 ga Disamban 1998 yana da shekara 84, 'yan watanni bayan an fitar da siffar ƙofar da ya yi shekara da shekaru yana aunawa bai gan ta ba.