Najashi, sarkin da ya ƙi yanke hukunci kafin ya ji

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, sunan Najashi kun san shi tun a islamiyya, amma sau da yawa akan wuce labarinsa da gudu. Najashi laƙabin sarauta ne. Sunansa As'hama ɗan Abjar, sarkin Aksum a ƙasar Habasha, kuma Kirista ne a lokacin da sahabbai suka nemi mafaka wurinsa.

Ibn Is'haƙ ya kawo cewa tun yana yaro aka kashe mahaifinsa, aka naɗa baffansa mai ƴaƴa 12. Da manyan gari suka ga yaron ya taso da hankali, sai tsoro ya kama su kada wata rana ya rama, suka sayar da shi ga wani ɗan kasuwa a kan dirhami 600. Ba a daɗe ba tsawa ta kashe baffan, aka duba cikin ƴaƴansa ba a samu mai iya riƙon ƙasa ba, dole aka je aka dawo da wanda aka sayar. Ku riƙe wannan, don mutumin da aka taɓa yi wa ciniki a kasuwa ya san ɗacin rashin gata.

A shekara ta 5 bayan aiko Annabi (SAW), wajen 615, azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, sai ya nuna wa sahabbai Habasha, ƙasar sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Usman ɗan Affan da matarsa Ruƙayya suna cikin ayarin farko. Ayari na biyu maza sun haura 80, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ne bakinsu.

To, nan ne maganar take. Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a da kyautar jemammun fatu, suka fara bi ta kan manyan fada ɗaya bayan ɗaya. Buƙatarsu guda ce: a miƙa musu baƙin ba tare da an saurare su ba, wai wawayen yara ne da suka bar addinin iyayensu, ba su kuma shiga na sarki ba. Fadawa suka goyi baya, sun riga sun yanke hukunci a kan mutanen da ko kalma ɗaya ba su ji daga bakinsu ba. Sarki ya fusata, ya ƙi. Ya sa aka kira su, Ja'afar ya yi bayani, ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Kashegari Amru ya koma da abin da Musulmi ke faɗi game da Annabi Isa (AS), yana zaton nan za a raba gari. Ja'afar bai ɓoye kome ba, sarki kuma bai janye amanar da ya ba su ba, duk da gunagunin fadawansa. Fatun ma ya sa aka mayar wa masu su.

Ku tuna, ku da kuka ga yadda aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, cewa a inuwar sarkin Kiristoci ƴar Annabi ta samu barci cikin aminci.

An ruwaito cewa da labarin nasarar Badar ya iso shi, an iske shi zaune a ƙasa cikin tsofaffin tufafi, yana mai cewa a koyarwar Annabi Isa ya samu cewa bawa yakan ƙara ƙanƙan da kai idan Allah ya yi masa ni'ima. Shi ne kuma ya ɗaura auren Ummu Habiba da Annabi (SAW), ya biya sadakin daga dukiyarsa. Malamanmu sun tafi a kan cewa ya musulunta, ko da yake bai taɓa ganin Annabi da idonsa ba.

Ya rasu a Rajab, shekara ta 9 bayan hijira. A ranar Annabi (SAW) ya sanar da mutanen Madina, ya jera su sahu, ya yi masa salla da kabbara huɗu, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Nan ma ba a rasa masu tsegumi ba: malaman tafsiri sun ce munafukai sun yi ta mamakin yadda za a sallaci baƙon Bahabashe da ya mutu a wata ƙasa, kuma a kan haka ne wasunsu ke ganin aya ta 199 ta Suratu Ali Imrana ta sauka. Kabarin da ake jingina masa yana ƙauyen Negash, a yankin Tigirai na Habasha ta yau.