Ammar bin Ali al-Mausili, Likitan Yanar Ido

Shi dai Ammar bin Ali mutumin Mausil ne ta ƙasar Iraƙi, ya kuwa rayu a ƙarshen ƙarni na 10 zuwa farkon na 11 na Miladiyya. Ya yi yawon aikin ido a Khurasan da Sham da Falasɗinu, kana ya yada zango a Misira zamanin halifa al-Hakim (996-1021). A can ne ya wallafa al-Muntakhab, ɗan ƙaramin littafi mai bayanin cututtukan ido 48.

Aikin yana shi ne ya ɗaukaka sunansa. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan abu garai-garai, wato madubin ido, wanda ke tattara haske ya jefa shi can ƙuryar ido. Idan tsufa ya kama, ko ciwon sukari, ko rauni, sai madubin ya dushe ya yi fari, mutum ya riƙa ganin gari kamar cikin hazo. Likitocin wancan zamani ba su fahimci haka ba. A zatonsu wani gurɓataccen ruwa ne ke saukowa ya daskare a gaban madubin, maganinsu kuwa a soka allura a ture yanar, ta nutse cikin ido. Wannan turewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana ture ta aka yi, sau da yawa kuwa kumburi da azaba kan biyo baya, idon ya mutu.

Ammar ya ƙware a turewa, har ya rubuta labarin waɗansu majinyatansa filla-filla, abin da ba kasafai marubutan lokacin suke yi ba. Amma bai tsaya nan ba. Ya ƙera allurar ƙarfe mai rami kamar bututu, a soka ta ta gefen farin ido, a tsotse yanar waje. Ashe madubin kansa yake zuƙewa bai sani ba. Allurar ba ta iya jawo yana mai tauri irin ta tsofaffi, saboda haka ba ta karɓu sosai ba. Har a ƙarni na 14 al-Shazili, wani likitan ido na Misira, ya yi shakkar amfaninta.

Sai a 1705 Brisseau na Faransa ya tabbatar da cewa yana madubin ne da kansa. Daviel ya fara cire shi a 1747, Ridley ya dasa na roba a Landan a 1949. A 1967 Kelman na Amurka ya fito da na'urar da ke niƙe yanar ta tsotse ta da siririn bututu, dabarar da Ammar ya gwada tun shekaru kusan 950 kafin nan.